Auna Girma da Zaɓen Injin Matsa Iskar Gas a Bakin Rijiya: Misali daga Filayen Man Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1956 da aka sami man fetur a Oloibiri, da kuma 1958 da aka fara fitar da shi zuwa ƙasashen waje, Nijeriya take fama da wata matsala guda wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, watau ƙona iskar gas a sarari. A shekarar 1979 gwamnati ta kafa doka wadda ta hana ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai daga ranar 1 ga Janairu, 1984, sai fa da izinin minista. A 2018 aka sake fito da ƙa'idoji waɗanda suka ɗora tarar dala 2 a kan kowace kubik ƙafa 1,000 da babban kamfani ya ƙona. Duk da haka, a rahoton Bankin Duniya na gas ɗin da aka ƙona a 2023, wanda ya kai kubik mita biliyan 148 a duniya baki ɗaya, Nijeriya tana cikin ƙasashe tara da ke kan gaba, alhali kuwa gas ɗin da aka tabbatar yana kwance a ƙarƙashin ƙasarta ya haura kubik ƙafa tiriliyan 200.

Dalilan wannan asara suna da yawa, wasu na kuɗi ne, wasu na shari'a, amma akwai guda ɗaya wanda ya shafi aikin injiniya tsantsa. Gas ɗin da ake rabawa da ɗanyen mai yana fitowa ne da rauni, ba shi da ƙarfin da zai shiga bututun da zai kai shi kasuwa, sai an matsa shi da inji. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake auna girman wannan inji da yadda ake zaɓen irinsa, mu kuma bi misali guda da lissafi daga farko har ƙarshe, domin malamai da ɗalibai su ga inda kowace lamba ta fito.

2.0 Dalilin Matsa Gas

Gas ba ya tafiya sai daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kamar dai yadda ruwa ba ya gudu sai ya sami gangare. A tashar tara mai, ana sauke abin da ya fito daga rijiya a cikin tukwanen rarrabewa, inda mai da ruwa suke kwantawa ƙasa, gas kuma ya tashi sama. Domin mai ya saki gas ɗin da ya narke a cikinsa, tilas ne a rage matsin waɗannan tukwane ƙwarai. Su kuwa manyan bututun jigila, galibi suna aiki ne da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 60 zuwa 100. Aikin injin matsi, wanda makanikai suke kira kwamfiresa, shi ne ya cike wannan rata.

Akwai kuma wasu ayyuka uku da inji yake yi a bakin rijiya. Na farko, yana rage matsin da ke danne rijiyar da ta tsufa don ta ci gaba da bayarwa. Na biyu, yana tura gas cikin rijiyar mai don ya sauƙaƙa nauyin man ya taso. Na uku, yana mayar da gas cikin ƙasa don a adana shi, ko don a riƙe matsin tafkin mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da matsin da yake bukata, saboda haka tun farko sai an tantance aikin da ake son inji ya yi.

3.0 Bayanan da Ake Tarawa Kafin Lissafi

Lissafi ba ya wuce ingancin bayanan da aka gina shi a kansu. Abubuwa biyar ne ba makawa sai an san su.

(a) Yawan gas a kowace rana. Da yake gas yana ƙanƙancewa yana kumbura, akan faɗi yawansa ne bisa wani yanayi da aka amince da shi, watau matsin iskar duniya da zafin digiri 15 ko kusa da haka a ma'aunin Salsiyos.

(b) Matsin shiga, watau matsin da gas yake da shi a bakin inji.

(c) Matsin fita, watau matsin bututun da za a zuba gas a cikinsa, haɗe da ɗan abin da zai ɓace a hanya.

(d) Zafin gas a lokacin shiga, da zafin garin da tsayinsa daga teku.

(e) Abubuwan da gas ya ƙunsa. Mafi yawansa mitan ne, amma gas ɗin da ya fito tare da mai yana ɗauke da itan da furofan da butan da tururin ruwa, waɗanda suke ƙara masa nauyi, suna kuma iya komawa ruwa idan an matsa an sanyaya.

A nan ya kamata mu ja hankali a kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai. Agogon matsi da ke jikin tukunya ba ya ƙirga nauyin iskar duniya, wanda ya kai kusan bar 1. Lissafin matsa gas kuwa da cikakken matsi ake yin sa, watau abin da agogo ya nuna a ƙara masa bar 1. Haka nan zafi, da ma'aunin Kelbin ake lissafa shi, watau a ƙara 273 a kan digirin Salsiyos.

4.0 Lissafin Girman Inji

Bari mu ɗauki misalin wata ƙaramar tashar tara mai wadda take fitar da gas kubik ƙafa miliyan 5 a rana, watau kimanin kubik mita 141,600. Agogon tukunyar rarrabewa yana nuna bar 3, na bututun jigila kuma bar 63. Gas yana shiga inji da zafin digiri 40.

4.1 Ninkin matsi

Cikakken matsin shiga bar 4 ke nan, na fita kuma bar 64. Idan aka raba 64 da 4 za a sami 16, wannan shi ne ninkin matsi. Wanda ya manta ya yi amfani da lambobin agogo kai tsaye zai raba 63 da 3 ya sami 21, daga nan kuwa duk lissafinsa ya karkace.

4.2 Ainihin girman gas a bakin inji

Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan aka ninka matsin gas, girmansa yana raguwa da rabi, muddin zafinsa bai sauya ba. Bisa wannan ƙa'ida, tare da gyaran zafi, kubik mita 141,600 na rana guda za su zama kimanin 38,900 a matsin bar 4 da zafin digiri 40, watau kusan kubik mita 27 a kowane minti. Wannan lamba ita ce take yanke faɗin silindar farko, domin ita ce abin da inji zai haɗiya a zahiri.

4.3 Zafi da yawan matakai

Duk wanda ya taɓa busa tayar keke da famfo ya san gindin famfon yana ɗaukar zafi. Haka gas yake yi a cikin inji. Ana samun zafin fita ne ta hanyar ninka zafin shiga, a ma'aunin Kelbin, da wata lamba wadda ta dogara a kan ninkin matsi da kuma wata sifa ta gas da ake kira k, wadda a nan muka ɗauka 1.27. Ga abin da lissafi ya bayar idan zafin shiga Kelbin 313 ne:

Mataki ɗaya, ninki 16: zafin fita kimanin digiri 291.
Mataki biyu, ninki 4 kowanne: kimanin digiri 147.
Mataki uku, ninki 2.52 kowanne: kimanin digiri 108.

Ana samun ninkin kowane mataki ne ta hanyar neman lambar da idan aka ninka ta da kanta gwargwadon yawan matakai za ta ba da 16, domin raba aiki daidai-wa-daida shi ne yake cin ƙarfi mafi ƙanƙanta. A tsakanin mataki da mataki ana bi da gas ta cikin lagireto mai fanka don ya huce.

Ƙa'ida mai lamba 618 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wadda aka fi sani da API, ta iyakance zafin fita na injin fistin a kan digiri 150, saboda abin da ya wuce haka yana ƙona man shafawa, yana cinye bawul da zoben fistin. Mataki ɗaya ya faɗi ke nan tun ba a je ko'ina ba. Mataki biyu kuwa a takarda ya tsallake da ƙyar, amma sai mu tuna cewa lagireto mai fanka ba ya iya sanyaya gas ya kai zafin iskar gari, yakan tsaya ne da 'yan digirori sama da shi. Idan a tsakiyar bazara gas ya shiga mataki na biyu da digiri 50, zafin fita zai kai 161, ya ƙetare iyaka. A mataki uku kuwa ba zai wuce 120 ba. Saboda haka mataki uku muka zaɓa.

4.4 Ƙarfin doki

Injiniyoyin gas suna da wani lissafi na gaggawa da suke fara kimantawa da shi: a ninka 22 da ninkin mataki guda, da yawan matakai, da yawan gas a ma'aunin kubik ƙafa miliyan a rana, sa'an nan a ƙara kashi 8 cikin 100 ga mataki biyu, ko kashi 10 ga mataki uku, saboda matsin da ke ɓacewa a lagireto da bututu. A misalinmu, 22 sau 2.52 sau 3 sau 5 sau 1.10 ya ba da ƙarfin doki 915, watau kimanin kilowat 680. Wannan kimantawa ce kawai. Injuna masu saurin juyi suna iya bukatar fiye da haka har da kashi 20 cikin 100, kuma lambar ƙarshe daga maƙerin inji take fitowa bayan ya ga sakamakon gwajin gas.

4.5 Silinda da sandar fistin

Fistin ba ya taɓa murfin silinda, akwai ɗan fili da ake bari. Gas ɗin da ya maƙale a wannan fili yana sake kumbura idan fistin ya koma baya, yana tare wa sabon gas wuri. Idan filin kashi 15 cikin 100 ne, a ninkin 2.52 za a yi asarar kimanin kashi 16 cikin 100 na tafiyar fistin, a ninkin 4 kuwa kusan kashi 30. Ashe yawan ninki yana rage abin da silinda take haɗiya, ban da zafin da yake kawowa. Har ila yau, kowane inji yana da iyakar nauyin da sandar fistinsa take ɗauka. Nauyin nan yana ƙaruwa da faɗin fistin da kuma ratar matsin shiga da na fita, don haka ba a ɗora babbar silinda a kan ƙaramin gangar jiki don kawai a ƙara yawan gas.

5.0 Ire-iren Injuna da Inda Kowanne Ya Dace

5.1 Injin fistin

Shi ne aka fi gani a bakin rijiyoyi. Yana kai gas ga matsi mai tsanani, ba ya damuwa ƙwarai idan nauyin gas ya sauya, ana kuma iya rage masa aiki ta hanyar rage gudu ko buɗe aljihun da ke kan silinda. Aibinsa shi ne yawan sassa masu motsi, da bawul da zobba da suke bukatar canji a kai a kai, da girgizar da yake sa wa bututu, wadda ake kwantar da ita da tulunan da ake ɗaurawa a bakin silinda.

5.2 Injin sukuru

Wannan yana da sanduna biyu masu murɗi da suke juyawa cikin juna, ana fesa musu mai don ya toshe kafa ya kuma kwashe zafi. Yana jan gas mai rauni ƙwarai, yana ɗaukar ninki mai yawa a mataki guda, sassansa kuma kaɗan ne. Amma irin waɗanda aka saba kafawa a filin mai ba su cika wuce bar 20 zuwa 25 a matsin fita ba, kuma gas mai nauyi yana narkewa cikin mansa ya tsinka shi. Ya fi dacewa da aikin ɗaga gas daga matsi na ƙasa ƙasa ya miƙa wa wani inji. Ƙa'idar API mai lamba 619 ita take magana a kansa.

5.3 Injin fanka

Shi kuwa yana wurga gas da fukafukai masu juyawa dubban zagaye a minti, sa'an nan ya mayar da gudun ya zama matsi. Yana haɗiye gas mai ɗimbin yawa, yana daɗewa bai tsaya ba, shi ya sa ake amfani da shi a manyan masana'antu kamar ta daskarar da gas da ke Bonny, wadda ta fitar da jirginta na farko a watan Oktoba na 1999. Illarsa ita ce, idan gas ɗin da ke shiga ya ragu ƙasa da wani mizani, sai gas ya riƙa komowa baya yana dukan fukafukai, abin da kan iya lalata inji cikin ɗan lokaci. Ƙa'idarsa ita ce mai lamba 617.

A misalinmu, kubik mita 27 a minti ya yi wa injin fanka kaɗan, bar 64 kuma ya yi wa injin sukuru yawa. Injin fistin mai mataki uku shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

6.0 Abin da Zai Juya Inji

Inda akwai wutar lantarki tabbatacciya, mota mai aiki da lantarki ta fi sauƙin kulawa. A yawancin filayen mai kuwa, injin da ke ƙona gas ɗin rijiyar shi ake haɗawa da kwamfiresa a kan tire guda. Injin mai ƙarfin doki 915 zai sha kimanin kubik ƙafa 165,000 a rana, watau kusan kashi 3 cikin 100 na abin da yake matsawa, kuma wajibi ne a cire wannan daga lissafin abin da za a sayar. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji na yanayi mai sanyi ne a bakin teku. A bisa al'ada, injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 ta tsayi, da kashi 1 a kowane ƙarin digiri 5 zuwa 6 na zafi. Wannan batu bai tsaya ga Neja Dalta ba. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020, da aikin haƙa na Kolmani a iyakar Bauci da Gwambe da aka ƙaddamar a 2022, sun nuna cewa za a bukaci irin waɗannan injuna a inda zafin bazara yake haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma take toshe lagireto da matatar iska.

7.0 Rijiya Tana Tsufa

Mafi girman haɗari a wannan aiki shi ne a auna inji bisa yanayin ranar da aka saye shi kaɗai. Matsin rijiya yana raguwa da shekaru. Mu ɗauka cikakken matsin shiga ya sauka daga bar 4 zuwa bar 2. Ninkin matsi zai tashi daga 16 zuwa 32, na kowane mataki ya zama 3.17. Girman gas a bakin inji zai ninka, saboda haka silindar da aka auna wa bar 4 rabin gas ɗin kawai za ta haɗiya, ko ma ƙasa da rabi. Idan kuma ana son a ci gaba da matsa kubik ƙafa miliyan 5, ƙarfin da ake bukata zai tashi daga doki 915 zuwa kimanin 1,150. Abin da inji ya kasa ɗauka kuwa, wuta zai koma.

Sayen inji mai girman gaske ma ba mafita ba ne. Injin da ya fi ƙarfin aikinsa yakan tilasta a riƙa mayar da gas daga bakin fita zuwa bakin shiga don kada ya mutu, ana ƙona makamashi a banza, ga kuɗin da aka binne. Hanyar da ta dace ita ce injiniyan tafkin mai ya ba da hasashen matsi da yawan gas na shekaru masu zuwa, a gwada inji a kan yanayi uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a zaɓi gangar jikin da za a iya canja wa silinda daga baya. Sau da yawa injuna biyu matsakaita sun fi babba guda, domin idan ɗaya yana gyara ɗayan yana aiki, idan kuma gas ya ragu sai a ɗauke ɗaya a kai wata tashar.

8.0 Kayan Haɗi

Ruwa ba ya matsuwa. Ɗan kaɗan idan ya shiga silinda yana iya fasa bawul ko ya karya sandar fistin, don haka kafin kowane mataki akan sa tukunyar tsane ruwa mai na'urar da za ta kashe inji idan ruwan ya taru. Bayan matsawa akan busar da gas da sinadarin gilaikol, domin ruwa da mitan a matsi mai yawa suna haɗuwa su daskare kamar ƙanƙara su toshe bututu. Idan gwaji ya nuna akwai gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, watau mai sinadarin farar wuta, to sai an zaɓi ƙarfen da ba zai tsage ba, a kuma kare ma'aikata domin guba ne. Ya kamata kuma a lura da shaƙewar sandar fistin, domin ta nan mitan yake zurarewa a hankali, shi kuwa yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin da ƙonawa take fitarwa.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa auna inji yana bin tsari ne: a tara bayanai, a mayar da matsi da zafi ga cikakken ma'auni, a fitar da ninki, a bar zafi ya yanke yawan matakai, a kimanta ƙarfi, sa'an nan a zaɓi irin inji da abin da zai juya shi. Muna ba da shawara cewa a riƙa kwatanta farashin inji tare da kuɗin gas ɗin da zai sha, da na kayan gyara, da asarar ranakun da zai tsaya, a tsawon rayuwarsa duka, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. A tashar da muka yi misali da ita, tsayawar rana guda tana nufin ƙona kubik ƙafa miliyan 5, wanda a ƙimar tarar 2018 ya kama dala 10,000, ban da darajar gas ɗin kansa da cutarwar hayaƙi ga ƙauyukan da ke kewaye.

Daga ƙarshe muna kira ga sassan koyar da aikin injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha da su haɗa kai da sassan nazarin harsuna wajen daidaita kalmomin wannan fanni. Waɗanda muka yi amfani da su a nan, kamar ninkin matsi da cikakken matsi da tukunyar tsane ruwa, shawara ce muka gabatar, muna kuma fatan mahalarta wannan taro za su tace su, domin makanikin da zai kwana da inji ya fahimci dalilin kowace lamba da ke jikin agogonsa.